Layin Da Babayo Ya Kashe — Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa, wanda Yake raba ɗaukaka tsakanin bayinSa ba tare da Ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama. Masu bibiya, saƙonninku na ƙorafin jinkiri sun iso. Ku yi mini afuwa.

Mun tsaya ne a inda Malam Babayo, wanda ya kafa Keken Jinƙai a Gwallaga, ya wayi gari ba shi ne shugabanta ba.

Keken Jinƙai ƙungiya ce ta matuƙa keke napep. Suna neman abincinsu kamar kowa, amma idan naƙuda ta kama mace a unguwa aka kira layin ƙungiyar, wanda ya fi kusa sai ya sauke fasinja, ya je ya kai ta asibiti kyauta. Tsohuwar gwamnati ta ba su kekuna masu shuɗin fenti, ta haɗa su da asibitocin unguwanni. Da mulki ya sauya hannu, sabuwar gwamnati ta ce za ta ci gaba da aikin, amma da sabon suna, da sabon fenti, da sabon shugaba. Aka naɗa Toma, makanikin da Babayo ya ɗauko da hannunsa daga wani gareji a Yelwa.

Layin kuwa da sunan Babayo aka yi masa rajista. Tun jiya ya kashe wayar, ya tura ta ƙarƙashin buzun sallarsa.

*

Ya dawo daga azahar ya zauna a zaure da carbi a hannu, amma yatsunsa kaɗai ke tafiya.

Daga cikin gida ƙarar turmi ke tashi. Matarsa Habibatu ce take dakan yajin jego, ƙamshin citta da kanumfari ya cika zauren. Tun safe ta gaya masa na Ƙauna ne, matar Toma, domin watan haihuwarta ya kama. Duk bugun taɓarya sai ya ji kamar a ƙirjinsa aka sauke.

Can dakan ya tsaya. Ta leƙo tana goge hannu da bakin zani, ta shaida masa ungozomar layin masaƙa ta zo har gida tana tambayar me ya sami lambar, domin jiya a kan babur aka kai wata yarinya asibiti, mijinta a gaba, uwarta a baya tana riƙe da ita.

Ya ce matsalar sabis ce.

"Malam," ta ce, "yaushe sabis ya fara kwana a ƙarƙashin buzu?"

Bai kalle ta ba. Ya yi mata bayani a tsanake, irin bayanin da yake yi wa ɗalibansa na dare, cewa malamai sun bambanta hassada da kishin gaskiya. Mai hassada yana son ni'ima ta bar ɗan'uwansa. Shi kuwa ba ya son komai ya bar Toma. Aikin yake kishi, kada a damƙa shi ga waɗanda fenti kaɗai suka sani.

Habibatu ta saurara har ya gama. Sannan ta ɗaga ido zuwa ƙusar bango, inda sabuwar hularsa mai ruwan goro take rataye, launin da aka ce za a yi wa kekunan.

"Ita ma wannan don kishin aikin aka saye ta?"

Ya ce ta koma kan turminta.

Ta koma, amma ba ta ɗauki taɓaryar ba.

Hular nan ita ya sa ranar taron miƙa aiki. Ya shirya tsaf, ya tabbata shi za a bar wa kujerar, domin babu wanda ya san lungunan Gwallaga da mazajenta kamarsa. Aka nemi ya buɗe taro da addu'a kamar yadda ya saba. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu, harshensa ya bi hanyar da ya shekara da shekaru yana bi. Ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya, ya roƙa wa masu ciki sauƙi, sannan ya kama sunan tsohon kwamishina, ya ce Allah ya ja zamaninsa, Allah ya maimaita masa.

A gaban Malam Fakhruddeen, wanda sabuwar gwamnati ta ɗora a kan shirin.

Rabin ɗakin sun fara amin bisa sabo, suka haɗiye ta a tsakiya. Wani ya yi dariya daga baya. Sai kuma wata murya guda ta ce amin da ƙarfi, ita kaɗai. Babayo bai buɗe ido ba sai da ya shafa. Kafin a tashi an sanar da sunan Toma.

Tun daga ranar ya yanke a ransa cewa dariyar ta Toma ce.

Sallama ta katse masa tunani.

Toma ne a ƙofa, da rigar aiki mai tabon baƙin mai, gumi na bin wuyansa. Ya cire takalmi kamar kullum, ya durƙusa ya gaida shi.

Babayo ya amsa sallamar cikakkiya, domin wannan hakki ne. Sannan ya janyo kujera ya kakkaɓe ta da hannun riga.

"Ranka ya daɗe, Shugaba. Ai manya ba su zama a ƙasa."

"Baba, don Allah."

"Hau mana. Kujera ta fara saninka."

Toma ya zauna a bakin tabarma inda ya saba zama.

Ya fara da ba shi haƙurin zuwa ba tare da ya kira ba. Ya ciro wayarsa ya nuna masa, fuskarta baƙi ƙirin. Tunda layin ƙungiya ya mutu, duk wanda ya san lambarsa shi yake nema, ga babu wuta a Yelwa, cajin ya ƙare tun hantsi. Daga ofis yake. Malam Fakhruddeen ya riga ya sa an fitar da sabuwar lamba, domin a ganinsa tsohuwar ta tsohuwar gwamnati ce. Masu fenti suna jira a filin ajiye kekuna. Toma ya roƙa aka ba shi wa'adi zuwa tashi daga aiki yau. Idan layin ya dawo, za a bar tsohuwar lambar a jikin kekunan. Idan bai dawo ba, za a shafe ta.

Babayo ya ce to ai shi ke nan, sabon ango da sabuwar lamba.

"Baba, tsofaffin nan ba karatu suka iya ba. Kai ka bi su gida-gida har suka haddace ta kamar waƙa. Yau idan aka canja, kafin su haddace wata, mace nawa za ta haihu a zaure?"

"Wannan tambayar Shugaba ce. Ni talaka ne."

Toma ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai nemi kujerar nan ba, Allah ne shaida. Ya ce duk wanda ya san ƙungiyar ya san hannu kawai yake da shi, yana jin ciwon inji tun kafin ya tsaya, amma bai san yadda ake shawo kan maigidan da ya ce matarsa ba za ta shiga keken baƙo ba. Ya tuna masa dattijon nan na bayan masallacin ƙofa, wanda ya tsaya da sanda a bakin gida, har Babayo ya yi masa magana ta waya ya sauke sandar ya ɗauko tabarmar shimfiɗa da kansa.

"Ba lambar kaɗai suke kira ba, Baba. Muryarka suke kira."

Maganar ta shiga Babayo har ƙashi, ta yi masa daɗi, shi ya sa ya ƙi ta. Ya dubi yaron nan da ya tarar kwance a ƙarƙashin mota ba ko takalmin kirki, ga shi yau yana rarrashinsa irin rarrashin da babba yake yi wa ƙarami. Ya tuna jiya a rediyo an ce Toma ne ya kawo sabon tunani a harkar lafiyar mata. Ya tuna matuƙan da suke layi a wannan zauren da safe, yanzu sun koma gaisuwa a bakin gareji. Ya nemi tsari daga Shaiɗan, amma a fatar baki kawai.

"Muryata," ya ce. "Wadda ka yi wa dariya a gaban jama'a?"

Toma ya ɗago yana dubansa, kamar bai fahimci yaren ba.

"Idona a rufe yake, amma kunnena a buɗe. Na yi tuntuɓen harshe, ka yi dariya, aka ba ka kujera. Ciniki ya faɗa."



Daga bayan labule Habibatu ta yi gyaran murya. Ta ce ba al'adarta ba ce shiga maganar maza, amma yin shiru a nan zalunci ne. Ƙauna ta ba ta labari ranar da ta je duba ta. Wanda ya yi dariya wani ɗan rakiyar ofis ne. Toma shi ne mai amin ɗin nan guda. Da ya ga an bar dattijo a tsaye hannu sama babu mai amsa masa, sai ya amsa. Bayan taro Malam Fakhruddeen ya kira shi gefe ya tambaye shi ko shi ma mutumin tsohon kwamishina ne. Saura kaɗan a karɓe abin da aka ba shi tun kafin ya riƙe.



Babayo ya tambayi Toma ko haka ne.

"Ban san me na amsa ba, Baba. Na dai ga ba daidai ba ne ka yi addu'a ta faɗi ƙasa."

Masu karatu, a nan ne na so a ce zuciya ta yi laushi. Amma wanda ya san wannan cuta ya san ba haka take ba. Mai hassada yana iya yafe wa wanda ya cuce shi. Wanda ya kyautata masa daga sama shi ne ba ya iya yafe wa. Da dariya Toma ya yi, da Babayo yana da abin riƙewa, ya kira shi kishin gaskiya ya yi barci. Yanzu an ƙwace masa wannan ma. Yaron ya fi shi kujera, ga shi ya fi shi hali. Allah Ka tsare mu da zukatanmu.

Babayo ya ajiye carbin a kan tabarma.

"Wato tausayina ka ji."

"Baba..."

"Ni Babayo, a garin nan, na kai matsayin da makanike zai rufa mini asiri."

Habibatu ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya ce da ita tsoron Allah ne ya hana shi faɗin sauran.

Sannan ya juya ga Toma ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. Ya ce layi nasa ne, da hoton fuskarsa da yatsansa aka yi masa rajista. Gwamnati ta ba da keke, ta karɓi kekenta. Ta ba da fenti, ta canja fentinta. Ta ba da suna, ta ce yanzu Sabon Alfijir ne, to Allah ya sa alfijir ɗin ya keto. Amma lambar nan ba gwamnati ta haife ta ba, ba kuma za ta gaje ta ba. Wata gwamnatin za ta zo ta canja Toma kamar yadda aka canja shi, ranar zai gane.

Toma ya ce ya yarda za a canja shi, shi ya sa yake so a bar abu guda da ba a canjawa, wanda mata za su riƙe ko wa ke kan mulki. Ya ce bai zo karɓar wayar ba. Ta zauna a hannun Baba, Baba ya riƙa amsawa kamar da, shi ya riƙa gyaran inji da zuwa taron ofis. Kunna ta kawai yake roƙo.

"In zama yaron amsa waya a ƙarƙashinka."

"In zama ɗanka kamar yadda nake."

"'Ya'yana ba su hau kujerata ina raye ba."

Toma ya miƙe, ya saka takalminsa. Ya ce da Habibatu ya gode da yajin da take dakawa, Ƙauna tun jiya take cewa bayanta na ciwo, amma ta ce ba komai, ya je aikinsa. Ya ce zai koma ofis ya gaya musu su yi fentinsu. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ranar da ka ɗauko ni, ka ce mini aikin nan ba namu ba ne, na Allah ne, mu 'yan aike ne. Ni na yarda da kai, Baba. Har yau ban daina ba."

Ya fita. Aka ji tashin kekensa, ƙarar ta yi nisa zuwa bakin titi.

Habibatu ta shiga ciki, ta fito da yajin a cikin kwano, ta ajiye shi a gaban mijinta, ta koma.

Babayo ya zauna shi da kwanon.

Ladanin masallacin unguwa ya fara gwada lasifika domin la'asar. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo ya janyo buzu zai yi nafila kafin a tayar. Da ya shimfiɗa, wayar ta zamo ta faɗo daidai inda goshinsa zai sauka.

Ya tsaya yana kallonta.

Ya ɗaga hannu zai yi kabbara, hannun ya ƙi kaiwa kunne. Ya san abin da zai karanta, ya san Wanda zai karanta wa, ya kuma san ba a yi wa Wannan bayanin bambancin hassada da kishi. Ya ce a ransa zai kunna ne kawai ya ga ko da caji. Ba don Toma ba. Ba don ofis ba. Ya gani kawai, ya sake kashewa.

Ya danna.

Fuskar wayar ta yi haske. Saƙonnin kiran da aka rasa suka fara shigowa, wani na bin wani, wayar tana rawa a tafin hannunsa kamar abu mai rai. Bai gama ganin na farko ba ta ɗauki ƙara.

Harshen nan nasa, wanda ya kayar da shi a gaban Malam Fakhruddeen, shi ya sake riga shi.

"Keken Jinƙai, Babayo ne. Ina ne, wace ce?"

Muryar mace ce, tana haki, bayanta ana hayaniya. Ta ce sunanta Felicia, daga Yelwa, bayan makarantar firamare. Ta ce tun kafin azahar suke kiran layin nan. Maƙwabciyarta ce, naƙuda ta zo da jini, jinin ya ƙi tsayawa. Sun kira mijin, wayarsa a kashe. Masu keken da suka tare a titi da sun leƙo sun ga jini sai su ja. Ita mai naƙudar ta hana a ɗora ta a babur, tana ta cewa a sake gwada layin, Baba ba ya ƙin ɗauka, Baba bai taɓa ƙin ɗauka ba. Yanzu ta daina magana.

Idon Babayo ya sauka a kan kwanon yaji.

"Sunanta," ya ce.

"Ƙauna. Matar Toma makanike."

Carbin da ke kan tabarma ya taka bai sani ba. Ya ce da matar kada ta kashe, ta ɗaga ƙafafun yarinyar sama, ta yi ta kiran sunanta. Ya ƙwala wa Habibatu kira irin wanda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce ta ɗauko zannuwa.

Ya fito titi ba hula, ba takalmi, wayar manne a kunne. Masu tafiya masallaci suka tsaya suna kallon Malam Babayo yana gudu.

A can ƙarshen layi, inda cunkoson Gwallaga yake haɗuwa da babban titi, ya hango shuɗin keken Toma, wanda cunkoson ya riƙe, ya sa sigina. Hagu hanyar Yelwa ce. Dama hanyar ofis.

"Toma!"

Lasifikar masallaci ta ɗauki kiran salla, ta rufe muryarsa.

Keken ya karya dama.